Woodland, MultiCam ko mai zanen ganye: wane kayan sajewa ya dace da kai?

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tarin kayan sajewa yana son ya zaɓi guda ya san yadda ido ke ruɗewa. Wannan kore ne da baƙi, wancan ruwan ƙasa ne mai ɗigo-ɗigo, ga wani kuma an zana masa ganye da ƙirare har kamar ka sa hannu ka tsinka. Yawanci mutum kan ɗauki wanda ya fi burge shi a hannu, alhali ba a hannu rigar za ta yi aiki ba. Kai kana kallonta daga taku ɗaya, wanda kake son ɓuya masa kuwa yana can taku hamsin ko ɗari biyu, mai yiwuwa ma idonsa ba irin naka ba ne.

Kafin a fara ƙawata kaki da zane, launi ɗaya ake yi. Sojojin Birtaniya a Indiya ne suka fara rina tufafinsu kalar ƙura a ƙarshen shekarun 1840, kuma kalmar kaki kanta daga can ta samo asali, ma'anarta mai kalar ƙasa. Har gobe wannan dabarar ce ginshiƙi: idan hasken riga ya yi daidai da na wurin da kake, an gama rabin aiki. Aikin zane shi ne ya wargaza siffar mutum, kada kai da kafaɗu su fito fili.

Abubuwan da za ka auna da su

Na farko, wa ke kallon ka? Idon ɗan Adam yana rarrabe ja da kore da shuɗi, yana kuma gane siffar mutum nan take. Barewa da danginta nau'i biyu kawai na ƙwayoyin gane launi gare su. Ja da ruwan lemo ba sa yi musu ƙara a ido, amma shuɗi suna ganin sa tangaran, musamman da asuba da almuru. Ba su kai mu ganin ƙananan abubuwa ba, sai dai idanunsu na gefen kai, suna kallon kusan kowace kusurwa, kuma motsi kaɗan ya ishe su. Tsuntsaye kuwa sun fi mu ganin launi, har da hasken da ya wuce shuɗi wanda mu ba ma gani. Ke nan rigar da za ta yaudari barewa ba lalle ta yaudari agwagwar ruwa ba.

Na biyu, tazara. Ƙananan zane suna haɗewa su zama launi guda idan an yi nisa. In launukan masu duhu ne, sai ka koma wani baƙin dunƙule mai siffar mutum a tsakiyar fili. Wannan shi ne babban aibin da ya kamata ka nema a kowace riga, kuma shi ne wanda ba ya bayyana a hoton talla.

Na uku, wurin da za ka shiga: kurmi mai inuwa, ko fili mai busasshiyar ciyawa, ko duwatsu da rairayi. Sai kuma ƙarkon yadi da rini, tsada, sauƙin samu, da haɗari, wato na doka da na harbin kuskure. Soja na da ƙarin ma'auni guda. Na'urar gani da dare tana amfani da hasken infirared na kusa, wanda idon mutum ba ya gani, don haka ana rina yadin soja na ainihi ta yadda launukansa ba za su haɗe su yi fari fat a cikinta ba. Jabu ba ya samun wannan kulawar, ko da da rana ba ka iya bambanta su.

Woodland da DPM: tsofaffin hannu

Sojojin Amurka sun fara sa M81 Woodland a 1981. Launi huɗu ne, kore da ruwan ƙasa da kalar rairayi da baƙi, cikin manyan dabbare-dabbare. Asalinsa wani zane ne mai suna ERDL da aka ƙirƙira tun 1948 aka yi amfani da shi a yaƙin Biyetnam, sai aka faɗaɗa shi domin ya yi aiki daga nesa. DPM na Birtaniya, wanda ya fito a shekarun 1960, ɗan'uwansa ne: launuka kusan iri ɗaya, amma shi kamar an shafa su da buroshi.

A cikin kurmi mai ganye shar da inuwa, har yau da wuya ka sami wanda ya doke su da nisa. Girman dabbaren nan ne sirrin, domin ko daga nesa yana raba jiki gida-gida. Da zarar ka fito fili kuma, ko ciyawa ta bushe ta yi fari, baƙin da ke ciki sai ya tona maka asiri. Baƙi ƙirin ba kasafai ake samun sa a daji ba in ba a cikin inuwa mai zurfi ba.

Wajen kuɗi suna cikin mafi araha, domin an ɗinka su da yawa na shekaru, ƙasashe barkatai sun kwaikwaya, kuma rarar kayan soja ta cika kasuwa. Wani abin ban dariya shi ne Woodland da ya ɗan koɗe ya fi sabo sajewa a wurare da yawa, tunda baƙin ya dushe ya koma toka-toka. Haɗarinsa kuma daga shahararsa ya zo: kowa ya gan ka cikinsa soja zai fara zato.

Flecktarn

Na Jamus ne. An gwada shi a shekarun 1970, rundunar ƙasar ta karɓe shi a 1990. Launi biyar ne cikin ƙananan ɗigo da ke taruwa su zama manyan tabo, abin da ya sa yake aiki kusa da nesa. A dajin da ƙasarsa ke cike da ruɓaɓɓen ganye yana ɓacewa ƙwarai, kuma rigunansa na ainihi suna da ƙarko. Amma ya fi Woodland ma duhu, saboda haka a fili mai rana ba shi da wani kataɓus. Idan ba a irin dajin tsakiyar Turai za ka yi yawo ba, sha'awa ce kawai za ta sa ka saye shi. Haka nake kallon zanen damisa na zamanin Biyetnam, mai ratsi a kwance, wanda ya samo asali daga wani zanen sojojin Faransa. Yana da kyau a ido, yana aiki a ƙungurmin kurmi, a wani wurin kuma sai a hankali.

Na dijital: nagari da wanda ya ba da kunya

Kanada ce ta fara fitar da zane mai ƙananan murabba'ai, CADPAT, a ƙarshen shekarun 1990, sannan sojojin kundumbala na ruwa na Amurka suka biyo da MARPAT a 2002, shi ma iri biyu, ɗaya na daji ɗaya na hamada. Dukansu suna aiki, kuma ba murabba'an ba ne dalili. An zaɓi launuka masu kyau ne, aka kuma shirya ƙananan su haɗu su ba da manyan siffofi.

Hujjar haka ita ce UCP, wanda sojojin ƙasa na Amurka suka ɓullo da shi a 2004 da nufin riga ɗaya ta yi ko'ina. Murabba'ai ne shi ma, amma launukansa toka ne da kalar rairayi da wani kore mai hasken toka. A Afganistan sojoji suka yi ta ƙorafin cewa ba ya sajewa da komai, a daji ya yi haske, a ƙasa mai ruwan ƙasa ya yi toka. A 2010 aka fara ba masu zuwa can MultiCam, zuwa 2019 kuma aka yi ritayar UCP gaba ɗaya. Shi ya sa rararsa ke da araha sosai. In ba tsakuwa da kankare ne wurin aikinka ba, ka bar shi, sai dai in za ka rine shi da ruwan ƙasa kamar yadda wasu ke yi.

MARPAT na ainihi yana ɗauke da ƙaramin tambarin rundunar a cikin zanen, kuma mallakar gwamnati ne, don haka yawancin abin da ake tallatawa da sunansa kwaikwayo ne.

MultiCam da danginsa

Kamfanin Crye Precision na Amurka ne ya ƙirƙiro shi a farkon shekarun 2000. Launi bakwai ne, kuma hikimarsa tana ƙasan zanen: launin shimfiɗar yana sauyawa a hankali daga kore zuwa ruwan ƙasa zuwa kalar rairayi, ba tare da iyaka mai kaifi ba. Idan ka tsaya cikin ganye, ido sai ya fi ɗaukar koren. Ka koma kan busasshiyar ƙasa, sai ya ɗauki ruwan ƙasar. Babu baƙi ƙirin a ciki, sai ruwan ƙasa mai duhu da ɗan fari-fari nan da can.

Nasararsa ta sa manyan rundunoni suka bi sahu. Birtaniya ta fito da MTP a 2010, wanda ya haɗa launukan MultiCam da salon shafin DPM. Amurka ta karɓi OCP a 2015, kama ce sosai tsakaninsu har sai wanda ya ƙware zai raba.

Ba gwani ba ne a ko'ina. A kurmi mai duhu Woodland ya fi shi, a farin rairayi kuma zanen hamada mai launi uku ya fi shi. Amma wuya ka je inda zai kunyata ka, kuma a ganina wannan ya fi daraja ga wanda riga ɗaya zai saya. Inda gizo ke saƙar shi ne tsada da jabu. Yadin ainihi da lasisi ake buga shi, akwai sunan MultiCam da ƙananan haruffa a warwatse cikin zanen, in ka duba da kyau za ka gani. Na taɓa sayen wata riga a intanet da rabin kuɗin da na san ana sayar da irinta. Wanki uku kawai, koren ya juye shuɗi-shuɗi, ruwan ƙasar ya koma kamar hoda, wando da riga suka zama ba dangin iya ba na baba. Araha ba ta ado, aka ce.

Masu zanen ganye da ɓawon itace

A nan aka bar fagen soja aka shiga na mafarauta. Wani mafarauci a Amurka, Jim Crumley, shi ya fara sayar da zanen ɓawon itace mai suna Trebark a wajen 1980. A 1986 manyan biyu suka bayyana: Realtree na Bill Jordan da Mossy Oak na Toxey Haas. Zanen farko na Mossy Oak, Bottomland, daga kalar ƙasa da ɓawo da ganyen da ke gindin bishiya aka ɗauko shi, kuma har yanzu masu farautar talo-talo da agwagwa suna ji da shi.

Waɗannan an yi su ne don mai zama wuri ɗaya, ya jingina da kututture ko ya hau bishiya yana jiran nama ya matso taku ashirin ko talatin. A wannan tazarar, musamman gaban tsuntsu mai kaifin ido, hoton ganye da reshe yana da amfani na gaske. Sai dai kowane zane da wurinsa. Mai hoton busasshen kara na bakin ruwa ba zai yi a cikin kurmi ba, mai koren ganye kuma ba zai yi ba bayan ganye ya zube. Waɗanda aka cika wa zane da yawa su ne suka fi saurin zama baƙin dunƙule daga nesa. Da yawansu, in za a faɗi gaskiya, mai saye aka zana wa su, barewa ba ta san ganyen wace bishiya ba ne.

Abin da suka fi kakin soja da shi shi ne yadi. Kakin sojan Amurka yawanci haɗin nailan ne da auduga rabi da rabi, mai jure ƙaya da ja da ciki, amma yana ƙara idan ya gogi reshe. Kayan farauta nagari masu laushi ne, ba sa ƙara sosai. Ka ƙaddara ka shafe sa'a biyu a zaune, barewa ta shigo tana kiwo, ka ɗaga hannu a hankali za ka ja baka, sai hannun riga ya gogi ƙirji ya ce ƙarr. Za ka ga kunnuwa sun miƙe, kai ya ɗago, sai dai ka hangi wutsiya. Babu zanen da zai cece ka a nan. Laushin nan kuma shi ne rauninsu, domin ƙaya da ƙarangiya suna cin su da wuri.

Masu buɗaɗɗen zane

Akwai wani rukuni na kayan farauta da bai damu da kwaikwayon ganye ba. ASAT da Predator suna amfani da shimfiɗa mai haske da manyan layuka masu duhu. Optifade, wanda kamfanin Gore ya tsara bisa yadda dabbobi masu kofato ke gani kuma ake samu a kayan Sitka, ya haɗa manyan siffofi da ƙanana. A hannu ba su da kyan gani, wani ma zai ce an ɓata yadi. Daga nesa kuwa hasken shimfiɗar yana haɗewa da sarari, jiki ya rarrabu. Ga mai bin sawu a fili ko kan duwatsu, su na fi amincewa da su. Na Sitka suna cikin mafi tsada, kuma yawancin kuɗin na ingancin ɗinki ne da kariyar ruwa da sanyi.

Ga su a jere:

| Zane | Inda ya fi aiki | Daga nesa | Tsada | Ƙarko | Babban rauni |
|---|---|---|---|---|---|
| Woodland, DPM | Kurmi mai ganye | Da kyau a inuwa | Araha | Sosai | Duhu a fili |
| Flecktarn | Daji mai duhu | Da kyau a inuwa | Matsakaici | Sosai | Ya fi kowa duhu |
| MARPAT, CADPAT | Daji ko hamada, kowanne da nasa | Da kyau | Matsakaici | Ya danganta da mai ɗinki | Yawanci kwaikwayo ne |
| UCP | Tsakuwa da kankare | Yana fita fili | Araha sosai | Sosai | Launin toka |
| MultiCam, OCP, MTP | Gaurayen wuri | Da kyau | Da tsada | Sosai in na ainihi ne | Jabu ya yi yawa |
| Realtree, Mossy Oak | Zaman jira kusa da bishiya | Yakan dunƙule | Daga araha zuwa tsada | Matsakaici | Kowane zane da wurinsa |
| ASAT, Predator, Optifade | Fili da duwatsu | Mafi kyau | Matsakaici zuwa tsada sosai | Da kyau | Wuyar samu, tsada |

Gwaji da wanki

Kafin ka cire takardar jikin riga, rataya ta a kan wani reshe a irin wurin da za ka yi amfani da ita, ka yi taku hamsin, ka juyo ka ɗan runtse ido. Sannan ka ɗauki hoto da waya ka mayar da shi baƙi da fari. Idan rigar ta fi kewayenta duhu ƙarara, ko ta fi shi haske, ba ta dace ba, komai kyan zanenta. Ka maimaita da hantsi da kuma dab da faɗuwar rana.

Wanki kuma yana iya lalata abin da ka kashe wa kuɗi. Yawancin garin sabulu akwai sinadarin ƙara wa tufafi haske, wanda ke sa yadi ya riƙa fitar da wani shuɗi-shuɗi, wato daidai launin da barewa ta fi gani. Ka nemi sabulu marar wannan sinadarin kuma marar ƙamshi, ka juya rigar ciki waje, ka shanya a inuwa. Kada a sa mata bula ko sitaci. Fuska da tafin hannu ma a rufe su, domin sun fi komai motsi da ƙyalli.

Haɗarin da bai kamata a raina ba

A ƙasashe da dama, ciki har da Barbados da Jamaika da Zimbabwe da Najeriya, doka ta hana farar hula sa kaki mai kama da na soja, kuma ba ruwanta da cewa farauta za ka. Ko inda babu haramci, shiga irin ta rundunar da ke aiki a wurin na iya jawo a ɗauke ka a abin da ba kai ba. Mai zanen ganye ya fi nisa da wannan zargin, amma wasu dokokin sun haɗa kowane irin zanen sajewa, saboda haka ka binciki dokar inda za ka tun kafin ka haɗa jaka.

Haɗari na biyu shi ne ka saje har ɗan'uwanka mafarauci ya kasa ganin ka. Shi ya sa jihohi da yawa a Amurka suka wajabta sa riga ko hula mai ruwan lemo mai ƙyalli a lokacin farautar barewa da bindiga. Mutum yana hango ta daga nesa, barewa kuwa ba ta ganin ta da wannan ƙarfin. Mai farautar talo-talo kuma ana gargaɗinsa ya guji ja da fari da shuɗi, domin su ne launukan kan namijin.

Wanne ne naka?

Soja ko jami'in tsaro ba shi da zaɓin zane, rundunarsa ta riga ta zaɓa. Abin da ya rage masa shi ne jaka da rigar sulke da sauran tarkace su kasance na ainihi, masu rinin da ke jure na'urar gani da dare, kuma kada ya ɗora baƙar jaka a kan kaki mai haske.

Wanda riga ɗaya zai saya don wurare mabambanta, kuma doka ta ba shi dama, ya ɗauki MultiCam na ainihi ko rarar OCP ko MTP. Wanda aljihunsa bai da nauyi kuma kurmi ne wurinsa, tsohon Woodland ko DPM da ya ɗan koɗe ya wadatar.

Mai kwari da baka da ke zaman jira ya fara neman yadi marar ƙara, sannan zane, ya zaɓi mai ɗan haske irin na ɓawon itace. Mai farautar tsuntsaye ya sayi zanen da ya yi daidai da wurin zamansa, kara in bakin ruwa ne, ɓawo in gindin bishiya ne, ya haɗa da safar hannu da abin rufe fuska. Mai bin sawu a fili ko duwatsu ya nemi buɗaɗɗen zane mai shimfiɗa mai haske.

Mai harbi da bindiga daga nesa, da mai ɗaukar hoton namun daji, da duk wanda ke ƙasar da aka hana kayan sajewa, wando ruwan ƙasa da riga kore mai duhu-duhu ko kalar toka, launi biyu daban don su raba jiki, za su yi masa aikin. In akwai wasu maharba a dajin, ya ɗora hula mai ruwan lemo a kai.